Karkataccen ganye

A cikin wani faffaɗan kwali aka kawo mana ita, kwance tsakanin fararen takardu biyu. Guntuwar takardar bango ce da ba ta kai girman dardumar sallah ba, gefenta duk ya zagwanye, launinta ya koma kamar shayin da ya kwana a kofi. Magina ne suka ci karo da ita a wani tsohon gida a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila, sa'ad da suka ɓamɓare wani kabad da aka kafe a jikin bango tun kaka da kakanni. Masu gidan suna son a maido da falon yadda yake a da, shi ya sa suka nemo ɗan shagon da nake koyon sana'a, inda har yau da hatimin katako ake buga takardar bango, da hannu, launi bayan launi.

Watana huɗu ke nan a wurin. Karatun adana kayan tarihi ne ya kai ni ƙasar, amma ni ɗan kafinta ne, cikin garin katako na tashi a Zariya, don haka da aka ce kowane ɗalibi ya nemi inda zai yi aikin hannu, ban yi dogon tunani ba. Mu huɗu ne a shagon: maigidanmu, dattijon da ya haura shekara 40 yana bugu, da wata baiwar Allah mai haɗa launi, da wani saurayi mai taya bugun, sai ni. Kafin zuwan guntuwar nan, aikina bai wuce wankin buroshi da shara da rataye takarda ba. Kada kuma mai karatu ya kawo wa ransa wolfefar nan mai sheƙi da ake mannawa a ɗakin amare. Wannan takarda ce zalla, fentinta ba ya ƙyalli, in ka shafa ta sai ka ji kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa.

Maigida bai tsaya kallon fuskarta ba. Safar hannu ya sa, ya juya ta a hankali, ya ce in matso in ga bayanta. A can ƙasa akwai wani ɗan hatimi da ya dusashe, hoton kambin sarauta da haruffan G da R na sunan Sarki George. Hatimin haraji ne. Tun 1712, zamanin Sarauniya Anne, gwamnatin Ingila ta ɗora haraji a kan takardar bango, da yadi ake lissafa shi, kuma ma'aikacin haraji kan bi takardun yana buga musu hatimi a baya. Daga 1806 ma, wanda aka kama da jabun hatimin nan hukuncinsa kisa ne. Ba a soke harajin ba sai 1836. Ke nan tun ba mu duba furenta ba, mun san ta riga wannan shekara zuwa duniya.

Sai ya kama yatsana ya bi da shi kan wani ɗan tudu da ya ratsa takardar a kwance. Mahaɗi ne. A wancan zamani da tsummoki ake yin takarda, falle-falle, a cikin ƙaramin mataci da mutum ke riƙewa da hannu biyu. Mai takardar bango sai ya manna fallayen baki da baki har su kai yadi 12, sa'an nan ya shafa fenti ya buga zane a kai. Shi ya sa fenti ya haye mahaɗin bai katse ba. Doguwar takardar inji mara mahaɗi ba ta shigo sana'ar a Ingila ba sai wajen 1830.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne launi. Mutanen wancan zamani ba sa haɗa takarda gefe da gefe kamar yadda ake yi yanzu, ɗora gefen wata suke yi a kan wata. A jikin guntuwarmu akwai irin wannan wuri, faɗinsa bai fi ɗan yatsa ba. Mai haɗa launi ta ɗan turara shi da danshi, ta sa siririyar wuƙa ta ɗaga. Abin da ke ƙasa bai ga haske ba, bai sha hayaƙin kwal da na kyandir ba kusan shekara 200. Shimfiɗar, wato fentin farko da aka shafe takardar da shi kafin a buga zane, da muka ɗauka ruwan ƙasa ce ashe shuɗi ce garau kamar sararin sama da hantsi, ganyen kuma kore ne shar, har yana tsokane ido. Da aka nuna wa masu gidan, uwargidan ta ja baya, ta ce ita launin tsufan nan ta ƙaunata, shi ya fi kama da tarihi. Mai haɗa launi ba ta yi musu da ita ba, ta dai ce a ba ta mako biyu ta yi samfuri iri biyu, a jingine su a falon, a kalle su da safe, a kalle su da dare a hasken kyandir. Ranar da aka yi hakan ba na nan, amma an ba ni labarin cewa a hasken kyandir samfuri mai launin tsufan ya mutu murus, shuɗin ne ya rayu. Shi suka zaɓa, kuma na ji daɗi ƙwarai, domin mutanen da suka zauna a falon nan ba su taɓa ganin bangonsu da launin shayi ba.

Koren nan mai kyau guba ne. Wata ma'aikaciyar adana kayan tarihi ta zo da ƙaramar na'ura da ake haskawa a jikin abu ta faɗi sinadaran da ke ciki, ta haska ganyen, sai ga jan ƙarfe da asanik, gubar da aka daɗe ana kashe ɓera da ita. Wani masanin sinadarai ɗan Suwidin, Scheele, shi ya haɗa irin wannan kore a 1775, a 1814 kuma aka fito da wanda ya fi shi haske a garin Schweinfurt na Jamus. Ya yi arha, ya yi kyau, ya shiga ɗakunan kwana har da na yara, kuma yana kakkaɓewa ya zama ƙura a shaƙa. Sai da aka sha fama kafin masu sana'ar su bar shi, har aka zo ana tallar takarda da cewa babu guba a cikinta. Daga ranar aka koma taɓa guntuwar da safa da takunkumi. Da maigida ya haɗa hatimin da mahaɗin da koren da salon furen, ya ce aikin shekarun 1820 ne.

Daga nan muka shiga ƙirga launi da gilashin ƙara girma. Ban da shimfiɗar, launi biyar ne: kore mai haske, kore mai duhu, ja-ja irin na cikin kankana da bai nuna sosai ba, fari, sai wani baƙi-baƙi da aka yi siraran layuka da ɗigo-ɗigo da shi. Kowane launi da hatiminsa, wato katako biyar za mu sassaƙa. Inda launi biyu suka haɗu, a gilashi za ka ga wanda ya hau kan wani, ta nan ake gane wanda aka fara bugawa. A can gefen takardar kuma akwai wasu 'yan ɗigo kamar kashin ƙuda, jere a nisa ɗaya. Sawun ƙusoshin saiti ne da ke kusurwar hatimi, su ke nuna wa mai bugu inda zai ajiye katakon a bugu na gaba. Muka auna tsakaninsu, inci 21, tsawon zanen ke nan kafin ya maimaita kansa. Matsalar ita ce danshi ya cinye kusurwa guda, babu reshe ɗaya da rabin fure. Maigida ya ƙi yarda a ƙirƙiro su. Ya sa magina suka ci gaba da lalube, bayan mako uku suka samo wata siririyar tsaga a bayan katakon taga, kuma Allah cikin ikonsa tana ɗauke da abin da ya ɓace.

Ni aka ba kwafar kore mai duhu, domin shi ya fi sauƙi. Ana ɗora farar leda mai kauri a kan hoton guntuwar da aka wanke daidai girmanta, a bi gefen launi ɗaya kaɗai da siririn alƙalami. Kwana huɗu na yi a kai. A cikin ganyayen akwai wani da ya karkace, bakinsa ya lanƙwashe wajen hagu alhali 'yan'uwansa duk dama suka nufa, gindinsa kuma ya fi nasu kauri. Na ɗauka kuskure ne, kuma na ɗauka alheri zan yi wa aikin. Na miƙar da shi. Tunda hannu ya riga ya saba, na bi sauran ganyayen ma na daidaita su, wanda ya yi tsawo na rage, wanda ya rame na cika shi, har suka fito kamar tagwaye. Na kai wa maigida ina jin na yi abin kirki.

Ya ɗora ledar a kan hoton, ya daɗe yana kallo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ina ganyen nan ya tafi?" Na ce na gyara shi. Sai ya jawo tsagar da aka samo a bayan taga, ya nuna mini ganyen a jikinta, a karkace, da kaurin gindinsa, babu bambanci ko na gashi. Ya ce, "Abin da ka gani sau biyu a wuri ɗaya, a jikin katakon yake, hannun masassaƙin ne. Abin da ka gani sau ɗaya, ko hannun mai bugu ne ya goce, ko zamani ne ya taɓa shi. Na biyun ba ma kwafa. Na farkon ba namu ba ne da za mu taɓa." Ya nuna mini wani ɗigon kore mai duhu da ya fallatsa a kan fure, ya ce wannan na yi daidai da na bar shi, sau ɗaya ya fito. Sa'an nan ya kawo hujjar da ban taɓa tunani ba. Irin wannan karkata ita ce shaidar katako. In wata rana aka tsinci guntuwa mai wannan fure a wani gida a Leeds ko a Amurka, da ganyen nan za a gane ko hatimi ɗaya ne ya buga su, daga nan a gano shagon, a gano hanyar cinikinsa. Ya kuma ce in tuna cewa ganye ɗaya nake gani a kan tebur, amma a bango sau ɗaruruwa zai fito, kuma zanen da komai nasa ya daidaita tsaf, ido kan gaji da shi tun ba a shekara ba.

A daren na kira Baba. Na ba shi labari tun daga kwalin har zuwa ganyen, ina sa ran zai ce ai gyara ba laifi ba ne, tunda shi mutum ne da ba ya barin ƙofa ta fita shagonsa a karkace. Ya saurara har na gama, sai ya ce, "Ɗana, sabon aiki aka ba ka ko na wani aka ce ka maido?" Na ce na wani ne, Baba. Ya ce, "To kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. In aka kawo mini tsohuwar ƙofar zaure a ce in yi irinta, ba ni da ikon ƙara mata hikimata. Amana ce. Mai aikin ba ya nan da zai kare kansa." Ya tambaye ni irin itacen da suke sassaƙawa, ya sa mini albarka, muka yi sallama. Washegari na ɗauki sabuwar leda na fara daga farko.

Hatimin kansa aikin kafinta ne na gaske, a nan ne na ji ni a gida. Hawa uku ake yin sa. Fuskar da za a sassaƙa ta itacen fiyar Turai ce, mai 'ya'ya kamar tuffa, ba fiyarmu mai maiƙo ba. Itace ne mai tauri da laushin jiki, ba ya tsagewa in wuƙa ta juya. A bayansa ake manna falle biyu na farin katako mai sauƙi, kowanne jijiyarsa ta gicciye ta na ƙasansa, domin hatimi kullum cikin jiƙa da bushewa yake, in falle ɗaya ne zai bankare cikin 'yan makonni. Ana juya zanen a kife kafin a sauke shi a kan katakon, kamar yadda rubutun kowane hatimi yake a juye. Siraran layukan baƙi-baƙin nan itace ba zai iya riƙe su ba, karyewa zai yi, don haka da tsinken tagulla ake yin su, a lanƙwasa shi daidai zanen a kafa a cikin katako da ƙaramar guduma. Ɗigo-ɗigon kuma 'yan ƙusoshin tagulla ne, ɗaya bayan ɗaya, a goge kawunansu su yi daidai. Inda launi ke da faɗi, sai a rarake tsakiyar a cusa ƙyallen ulu mai kauri, shi ke shan fenti ya sauke shi bai ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, manyan filayen da babu zane da inji muka kwashe su, haka shaguna da yawa ke yi yanzu, wasu ma gaba ɗaya hatimin na'ura ke yanka musu. Amma gefen kowane ganye da wuƙa muka bi shi. Ana yanka a jirkice, gindin zanen ya fi samansa faɗi, don ya jure danni. Mako uku na yi a kan nawa. Da na iso kan karkataccen ganyen, na tarar jijiyar itacen tana jan wuƙar wajen hagu a daidai lanƙwasar, sai da na riƙe ta da ƙarfi. A raina na ce wataƙila haka ta faru da mutumin nan, wuƙa ta ja shi, shi kuma ya bi ta ya mayar da gocewar ganye maimakon ya jefar da katakon da ya sha wahalarsa. Tun daga lokacin nake jin kamar na san shi.

Takardar da muka buga a kai ta auduga ce, falle-falle, muka manna su da kanmu zuwa yadi 12, don mahaɗin nan ya fito a bango yadda yake a ta asali. Fentin kuwa abu uku ne: alli da aka jiƙa ya kwana, garin launi, da gam na fatar dabba. Haɗin ya tuna mini da yadda malamanmu ke sa ƙaro a tawada don ta kama allo. Gam ɗin ana jiƙa shi tun dare, da safe a ɗumama shi ba tare da ya tafasa ba, shagon duk ya ɗauki wari kamar an ɗora ganda a wuta. In ya yi kaɗan, fenti zai riƙa bin hannu kamar hoda, in ya yi yawa, ya yi duhu ya tsattsage. Mai haɗa launi da babban yatsa take gwadawa, ta murza busasshen samfuri ta duba fatar yatsan. Wahalar aikinta ita ce fentin nan yana haske sosai in ya bushe. Shuɗin da ke cikin bokiti kamar ruwan baba, a takarda sai ya koma sararin sama. Don haka ba ta yarda da jiƙaƙƙen launi ko kaɗan, sai ta shafa a tsinken takarda, ta busar, ta kai bakin taga ta kara da wurin nan da ta ɗaga. Koren kaɗai ya ci mata samfuri fiye da 30 kafin ta samo shi da launukan zamani marasa guba. Shimfiɗar shuɗin da manyan buroshi muka shafa ta, mutum biyu, ɗaya na zubawa ɗaya na bi yana bajewa, ba tsayawa har ƙarshen bandir.

Teburin bugu katafaren abu ne, an lulluɓe samansa da bargo. A gefen dama akwai akwati mai ruwa mai kauri a ciki, an ɗaure masa fuska da abin da ruwa ba ya ratsawa, an shimfiɗa ƙyallen ulu a kai, in ka danna sai ya lotsa ya dawo kamar katifa. A kan ƙyallen nan mataimaki ke shafa fenti da buroshi kafin kowane bugu. A da yara ƙanana ne ke wannan aiki, a wannan karon ni ne. Maigida zai dangwala hatimin a kan ƙyallen, ya ɗaga, ya kawo shi kan takarda, ya sauke ƙusoshin saiti a kan ɗigon da bugun baya ya bari, ya kwantar da katakon. Sai ya ɗora wani guntun itace a bayansa, ya jawo doguwar sanda ta haye kai, ya taka matakin da ke ƙasa da ƙafa, nauyi ya sauka. Sa'an nan ya ɗaga hatimin sama tsaye, ba ja ba gocewa. Akwai wata ƙara da yake yi in ya rabu da takarda, kamar ka zare ƙafa daga taɓo, kuma da kunne maigida ke gane fenti ya yi yawa ko ya yi kaɗan tun bai duba ba. Saurayin nan sai ya ja takardar gaba, abin da aka buga a rataye shi a kan sanduna can sama kusa da rufi, yana lilo kamar shanyar marina.

In ka kai ido kusa da busasshen bugun hannu, za ka ga fentin ya ɗan taru a gefen kowane ganye, a tsakiya kuma akwai wasu siraran jijiyoyi da ɗagawar hatimin ta bari. Kaurinsa har yatsa na ji. Da na koma na duba guntuwar da gilashi, na tarar da jijiyoyin nan a jikinta, iri ɗaya sak.

Launi ɗaya ake bi da shi a kan dukan bandir-bandir ɗin, a bar su su bushe sarai, aƙalla kwana guda, kafin a zo da na biyu. A nan na yi ɓarnar da har yau take min ciwo. Ranar da aka ba ni damar buga kore mai duhu da hatimin da na sassaƙa, cikin Nuwamba ne, an kwana uku ana yayyafi, shagon ya ɗauki sanyi da danshi. Na taɓa kore mai hasken da aka buga jiya, na ji kamar ya bushe, ban sa bayan hannuna na ji sanyinsa ba kamar yadda aka koya mini. Ɗoki ya ɗebe ni. Fentin nan ruwa na narkar da shi ko bayan ya bushe, balle wanda cikinsa ke da sauran laima. Hatimina ya riƙa tsinko launin ƙasa yana tafiya da shi kaɗan-kaɗan, ni kuwa idona na kan ƙusoshin saiti. Sai da muka ci bandir ɗaya da rabi mai haɗa launi ta hango daga nesa cewa ganyayen sun yi ƙyasfi. Babu gyara, aikin mako guda na mutum huɗu ya tafi. Maigida ya sa aka kunna abin ɗumama ɗaki, ya ce a dakata har jibi. Da jibin ta zo, ni ya sake miƙa wa hatimin.

Bandir 14 falon ke bukata, mun shirya 16 saboda irin wannan rana. Kowane bandir bugu 21 ne a launi ɗaya, in ka haɗa launi biyar a bandir 16, bugu 1,680 ke nan, kowanne da dangwalawa da saiti da takawa da ɗagawa. Namu ƙaramin aiki ne. Zanen William Morris, wani mai zane ɗan Ingila, mai suna Acanthus na 1875, wanda kamfanin Jeffrey & Co. na Landan ya buga, hatimi 30 yake ci. Kamfanin Zuber da ke Rixheim a Faransa, wanda ke aiki tun 1797, yana da zanen shimfiɗar ƙasar Amurka ta Arewa na 1834 mai hatimi daban-daban har 1,690 da launi 223, irinsa ne ke manne a wani ɗakin karɓar baƙi a fadar White House tun 1961. Wanda ya san wannan wahala ba zai yi mamakin yadda inji ya ci kasuwar ba, bayan kamfanin Potter na garin Darwen ya fara buga takardar bango da injin nadi wajen 1840. Kuma ban ga laifin injin ba, shi ya kai takarda mai fure ɗakin talaka, wanda a da sai dai ya hango ta ta tagar masu hali. Abin da nake jin tsoro kawai shi ne ranar da za a nemi wanda ya san ƙarar hatimi da kunne a rasa.

Cikin Fabrairu muka je manna ta. An riga an rufe bangon da farar takardar shimfiɗa. Mai mannawa ya dama kullun alkama, ya datse gefe ɗaya na kowane tsayi da almakashi ya bar ɗayan, ya ɗora gefe a kan gefe yadda mutanen wancan zamani suka yi. Hannunsa a bushe yake kullum, da tsumma a kafaɗa, domin ɗigon ruwa ɗaya a fuskar takardar nan tabo ne na har abada. Kwana uku ya yi. Ni aikina miƙa masa tsayi bayan tsayi da duba haɗuwar zane. A bayan tsayi na ƙarshe maigida ya rubuta shekara da sunan shagon da fensir, ya ce kada wani ya zo nan gaba ya ɗauka ta 1820 ce, sa'an nan ya ba kowannenmu fensirin ya sa haruffan sunansa.

Tsohuwar takardar da ta rage a bango ba a cire ta ba. An rufe ta da gilashi a cikin kabad ɗin da aka mayar mazauninsa, mai son gani sai ya buɗe ƙofa. Da yamma ta yi, rana ta faɗo ta tagar yamma a jirkice, mahaɗan fallayen suka fito a bango kamar siraran inuwa, fararen furannin suka ɗan taso daga cikin shuɗin. Uwargidan ta tsaya tsakiyar falon ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta matsa kusa da murhu ta nuna wani wuri da yatsa ba tare da ta taɓa ba, ta tambaya ko mun lura akwai ganye ɗaya da ya juya wa sauran baya. Maigida ya ce ta tambaye ni, ni na sassaƙa shi. Na buɗe mata ƙofar kabad, na haska fitilar wayata a kan gilashin, na nuna mata shi a jikin tsohuwar.